Sauya Sana'a Bayan Shekara Arba'in: Hanyar Komawa Aji



An nemi mu yi tsokaci a kan 'ya'yanmu da suka haura shekara arba'in a bakin aiki, albashi na shigowa, amma zuciya ta kasa natsuwa. Sau da yawa idan sun zo hutun salla sukan ce mana: "Malam, na gaji da aikin nan, ban ga wanda yake amfana da shi ba sai ni da iyalina." Wannan ba butulci ba ne, alama ce ta hankali ya nuna.

Da farko mu tuna cewa aikin birni bai taɓa zama gado ba. A shekarar 2005 an haɗe bankunan ƙasar nan daga 89 zuwa 25, ma'aikata da dama suka wayi gari ba aiki. A shekarun nan ne kuma masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda ba su taɓa tunanin wata sana'a ba. Gara mutum ya zaɓi sauyi da kansa, da a zaɓa masa.

Sana'ar da muke kiran ku zuwa gare ta ita ce koyarwa. Makarantun garinmu na fama da ƙarancin malaman lissafi, kimiyya da Turanci, alhali muna da akantoci da injiniyoyi a birane. Akantan da ya shekara ashirin yana ƙididdiga, idan ya tsaya gaban allo, yara arba'in ne za su ci moriyarsa kowace safiya.

Hanyar kuwa a buɗe take. Mai digiri zai iya yin diflomar koyarwa ta bayan digiri a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, yana halartar darasi a ƙarshen mako ba tare da ya bar aikinsa ba. Daga nan sai ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, don haka a jihar da ke aiki da ita, mai shekara 45 na da sauran shekara 20 a aji. Gemu dai ba ya hana ilimi.

Sai dai kada a saki reshe a kama ganye. Albashin malami bai kai na banki ba, saboda haka a zauna da uwargida da yara a yi shawara tun da wuri. A tanadi abin da zai riƙe gida na shekara guda. A kuma san cewa a dokar fansho ta 2014, wanda ya bar aiki kafin shekara 50 kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa kawai zai iya cira, shi ma sai ya yi wata huɗu ba aiki. Sannan a gwada kafin a yanke hukunci: a zo a koyar kyauta lokacin hutu, a ga ko zuciya ta karɓa.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne ta buɗe rajistar masu wannan niyya kafin taron baɗi, ta kuma taimaka musu da masauki a shekarar farko. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya mayar da kowa gida lafiya.