ƘAYYADE SHEKARU WAJEN ƊAUKAR AIKI: ƘOFAR ZALUNCI DA SHAIDAR ZUR

(Matanin laccar da aka gabatar a garin Jibiya, Jihar Katsina)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan uwa, abin da za mu tattauna a yau shi ne sharaɗin shekaru da ake gindayawa a tallan ɗaukar ma'aikata, inda za a ce kada mai nema ya wuce shekara 25 ko 30, ko da kuwa ya cika sauran sharuɗɗa.

Mu a nan Jibiya mun fi kowa sanin ciwon wannan sharaɗi. An rufe iyakar Magama a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. A tsawon wannan lokaci fataucin da ke tsakaninmu da Ɗan Isa da Maraɗi ya tsaya, iyaye da dama suka kasa biyan kuɗin makaranta. Ga 'yan bindiga da suka tashi ƙauyuka. Sannan malaman jami'a suka yi yajin aiki na kimanin wata tara a 2020, da wata takwas a 2022. Yaron da ya tsallake duk waɗannan ya kammala karatu, sai a ce masa ya tsufa. Wane laifi ya yi?

Ba mu ce hukuma ta yi shiru ba. A watan Yulin 2023 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin Sanata Abba Moro, ta nemi Ma'aikatar Ƙwadago ta fito da tsarin da zai hana wannan wariya. Amma ƙuduri shawara ce, ba ya hukunta kowa. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wariya saboda ƙabila da addini da jinsi da asali da ra'ayin siyasa, bai kuwa ambaci shekaru ba. Ta wannan kafa masu ɗaukar aiki suke sulalewa. Amurka ta kafa dokarta tun 1967 don kare wanda ya kai shekara 40. Mu ma a 2018 an rage shekarun tsayawa takara, na shugaban ƙasa ya sauko daga 40 zuwa 35. Ashe ana iya gyara dokar shekaru idan an so.

Mizanin Musulunci a bayyane yake. A ƙissar Annabi Musa (AS) a Madyana, cikin Suratul Ƙasas, siffa biyu aka ambata ga wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki: ƙarfi da amana. Manzon Allah (SAW) ya naɗa Usama bin Zaid jagoran runduna yana matashi, alhali a cikinta akwai manyan sahabbai, shi kansa kuma yana da shekara 40 aka aiko shi. Ba mu musun cewa aikin soja da makamantansa suna buƙatar ƙarfin jiki. To a auna ƙarfin. Amma akawu ko malamin makaranta, me ɗan shekara 32 ya rasa?

Babbar illar kuwa ita ce ƙarya. Matashi zai je kotu ya yi rantsuwa ya zaftare shekara biyar, mahaifinsa ko yayansa ya tsaya masa shaida. Wannan shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai. Kuma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya: wanda ya rage shekaru zai zarce 60 na ritaya yana kan kujera, ya tare wa na baya hanya. Zaluncin hukuma ba ya halatta mana rantsuwar ƙarya, amma wanda ya toshe ƙofar halal yana da nasa kason.

Saboda haka muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya da ta Jihar Katsina su mayar da wannan ƙuduri doka mai hukunci. 'Yan kasuwarmu da masu makarantunmu su fara gyarawa a wurarensu, su duba cancanta. Iyaye su yi wa jarirai rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya. Matasanmu kuma su riƙe gaskiya, su haɗa karatu da sana'a, domin arziki a hannun Allah yake.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya azurta mu da halal. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.