LISSAFIN SHEKARA: WAYA DA YARINYA

 Ya mai karatu, ka san al'adar kasuwa. Kowane ɗan kasuwa mai hankali ya kan zauna wata rana ya buɗe littafinsa, ya ga inda ya ci riba da inda ya faɗi. Ni ba ɗan kasuwa ba ne, mai koyar da masu shirin baftisma ne a nan Maraɗi, amma yau zan buɗe maka lissafina na shekara ta 2024. Akwai abin kunya a ciki, ba kuwa zan ɓoye shi ba.

Mun shiga shekaran nan cikin duhu. A da, yawancin wutar lantarkin da Nijar ke sha daga Nijeriya ta ke zuwa, tamu ta Maraɗi kuwa ta hanyar Katsina. Bayan juyin mulki na 26 ga Yuli 2023 aka datse ta a watan Agusta, ba a mai da ita ba sai watan Maris 2024. Masu ƙanƙara da masu walda da masu injin niƙa sun san abin da suka sha. Ni kuwa kowace safiya sai in kai wayata wurin mai janareta, in biya a yi mata caji.

A cikin watan Maris ɗin nan kuma, ran 14 ga wata, manyan igiyoyi huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku wajen gaɓar Kwaddibuwa suka lalace. Intanet ta yi rauni tun daga Laberiya har Nijeriya. Na yi mamaki ƙwarai. Ashe saƙon da mu ke aikawa daga nan bakin hamada, ta ƙarƙashin ruwan gishiri ya ke bi, inda ba wanda ya taɓa sa ƙafa a cikinmu!

Da bazara ta yi tsanani a watan Afrilu, batirin wayata ya kumbura har marfin ya ɗaga, gama zafi da wuta mai hawa da sauka maƙiyan batir ne. Daga nan wayar ta ƙi tashi. Mai gyara ya tashe ta, amma dukan abin da ke ciki ya share. Mai ɗakina tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba ta yi makaranta ba, saboda haka duk wanda ya ci bashinta sai ta faɗa da murya a cikin wayar a ajiye. Rana ɗaya lissafin wata shida ya tafi. Waɗansu masu tsoron Allah suka kawo kuɗinta da kansu. Waɗansu har yau in sun hango ta sai su sauya layi.

Sa'an nan damina ta zo da ruwan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Fiye da mutum 300 suka rasu a ƙasar, jihar Maraɗi kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Bayan ruwa sai kududdufai, bayan kududdufai sai sauro.

To, ga abin kunyan. Wata Litinin a watan Satumba wayata ta faɗa cikin ruwa. Ran nan da safe kuma 'yata, mai shekara 6, ta tashi da jiki zafi. Me na yi? Kafin hantsi na kai waya wurin mai gyara, na ba shi jika 5 ba tare da ciniki ba. Yarinya kuwa na sayo mata ƙwaya ta dala ashirin wurin mai tebur. Uwarta ta ce, "Maigida, mu kai ta likita." Na ce, "Masassara ce kawai, za ta sauka." Talata ta wuce. Laraba ta wuce.

Daren Laraba, wajen ƙarfe biyu, yarinya ta sandare, idanunta suka juye. Na lalubi aljihu, babu waya, tana wurin gyara. Ko da an ara mini wata, lamba guda ban riƙe da ka ba. Na fita ba takalmi, na buga ƙofar maƙwabcina, wani dattijo mahauci, Musulmi. Na ce, "Baba, jikarka ce." Bai tambaye ni kome ba sai ya ce, "Malam, ɗauko ta." Ya ta da ɗansa, ya fito da babur, muka keta laka har gidan likita.

Aka soki yatsarta aka ɗiga jini a kan ɗan abin gwaji. Cikin minti 15 ya nuna zazzaɓin cizon sauro. Ma'aikaciyar ta buɗe fatar idonta ta nuna mini, fari fat. Ta bayyana mini yadda abin ya ke. Macen sauro ce ke cizo da dare ta zuba ƙwayar cuta. Ƙwayar ta kan ɓuya cikin hanta kamar mako guda, sa'an nan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana farfasa su. Ga ƙaramin yaro, kwana ɗaya ya isa ciwon ya zama mai tsanani. Aka yi mata allura, aka ce sai an ƙara mata jini. Nawa bai dace ba. Na ɗan mahauci ya dace, ya kuwa miƙa hannu. Ranar Asabar ta nemi koko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2023 kaɗai zazzaɓin nan ya kashe mutum wajen 597,000, yawancinsu ƙananan yara na Afirka. Saura kaɗan 'yata ta shiga irin wannan lissafi, da hannun ubanta kuwa.

Ya ɗan'uwana, na sha koya wa mutane misalin da Yesu Almasihu ya bayar na matafiyin da mafasa suka yi wa rauni. Malaman addini biyu suka ratse suka wuce shi, baƙo ɗan wata kabila ya tsaya ya ɗaure masa rauni. Kullum ina sa kaina a wurin baƙon nan mai jinƙai. A daren nan na gane ni ne malamin da ya wuce, wanda na wuce kuwa 'yata ce. Na durƙusa a barandar likita na roƙi gafara. Ubangiji bai sāka mini gwargwadon wautata ba. Wannan shi ne alheri: abin da ba ka cancanta ba, aka ba ka.

Ban ce ka jefar da waya ba, bara ce mai amfani, amma kada ta zama uwargijiya. Ka sayi ɗan littafi, ka rubuta bashi da lambobin da ka ke bukata. Ku kwana cikin gidan sauro. In ma'aikata sun zo da maganin riga-kafi na damina domin yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, ka buɗe musu ƙofa. In jikin yaro ya yi zafi, ka kai shi a gwada jini ran nan, a kuma sha maganin har kwana ukunsa su cika. Ka zauna lafiya da maƙwabcinka, gama wata rana ƙofarsa za ka buga.

Yanzu kai ma ka buɗe littafinka. Cikin shekarar da ta wuce ka, me ka yi hanzarin gyarawa, wa kuma ka bari yana jira? Ka faɗa wa Allah gaskiya, gama mai gafara ne.

Allah ya kiyaye 'ya'yanmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa albarka a kasuwarku. Amin.