Iskar da Ke Cikin Tayar Jirgi

Jawabin da likitan ƙungiya ya gabatar a taronmu na Shisha, Makka



Mu mazauna Shisha mun saba raka alhazanmu zuwa Jidda, mun kuma saba jin ƙorafi idan aka ce jirgi zai yi jinkiri. A kan wannan jinkirin zan yi magana.

Ranar 11 ga Yuli 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke yi wa Nigeria Airways jigilar alhazai, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Mintoci kaɗan bayan tashinsa ya faɗi kusa da filin jirgin. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Allah Ya jiƙansu.

Bincike ya gano cewa tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska. An nemi a ƙara musu, ba a samu naitirojin a kusa ba, kuma ba a so a makara. Naitirojin ake hura wa tayar jirgi domin ba ya ciyar da wuta, kuma matsin iskar ya ninka na tayar mota sau biyar ko fiye. Idan taya ɗaya ta yi rauni, maƙwabciyarta ce ke ɗaukar nauyin. Haka aka yi: tayoyi biyu suka fashe a kan titin tashi, ƙarfe ya gogi ƙasa, wuta ta kama. Da matuƙa suka naɗe ƙafafun jirgin, sai wutar ta shiga cikinsa, ta cinye bututun mai da wayoyin sarrafa shi.

A asibiti mun san irin wannan. Mai hawan jini yakan shigo da ƙafarsa, fuska a sake, sai an ɗaura masa abin awo gaskiya ta fito. Tayar jirgi ma ido ba ya gane ƙarancin iskarta, sai an auna.

Saboda haka, idan aka ce wa alhazanmu injiniyoyi na duba jirgi, mu kwantar musu da hankali, mu tabbatar masu ciwon sukari da hawan jini suna riƙe da magungunansu a jakar hannu. 'Yan'uwa na gida kuma ku rage matsa musu da waya. Gara a jira awa shida a Jidda.

Allah Ya mai da kowa gida lafiya.