Wasan da Ke Tayar da Ɗalibi Tsaye

Lokacin da kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da na'urar Wii a shekarar 2006, wadda ke gane motsin hannun mai wasa, na tanis ne ko na dambe, ɗaliban jami'o'in Amurka suka sami dalilin taruwa mutum huɗu gaban allo ɗaya. Haƙiƙa, gumin wasan bai kai na filin ƙwallo ba, kuma bai kamata a ruɗi matasa da cewa ya wadatar ba. Amma babbar fa'idarsa a wurina zumunci ce, domin baƙon ɗalibi, wanda kunya ta hana shi yin sallama, da an miƙa masa na'urar sai hira ta ɓarke.