Sanyin da Ba na Sauƙi Ba: Alamomin Haɗari ga Yaro Marar Lafiya



A bakin Bahaushe, idan aka ce jikin yaro ya yi sanyi, galibi albishir ne, watau zazzaɓi ya sauka. To, amma akwai wani sanyin da ba na sauƙi ba ne, wanda harshe bai ware masa kalma ba, shi ya sa yakan yaudari iyaye.

Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jiki, ko ta huhu, ko ta hanji, ko ta cibiyar jariri, jiki kan tashi ya yaƙe su. Wani lokaci yaƙin kan wuce gona da iri ya game jiki duka, har hanyoyin jini su saki, ruwan da ke cikinsu ya riƙa tsiyayewa. Likitoci na kiran wannan hali sefsis. Bisa ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar, ya kashe mutum miliyan 11 a shekarar 2017, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Abin lura shi ne, jikin yaro yana ɓoye haɗarin. Yakan janye jini daga hannuwa da ƙafafu ya tura wa zuciya da ƙwaƙwalwa, saboda haka awon jininsa kan zauna daidai har sai abu ya yi nisa. Sai a ji ƙirji da zafi, tafin hannu kuwa kamar an tsoma shi a randa. A nan sai a danna farcen yaron har ya yi fari, sa'an nan a saki. Idan ja bai komo ba cikin daƙiƙa 3, jini ba ya isa inda ya kamata. Bugun jijiya kuma yakan yi sauri, amma ba ƙarfi.

Numfashi ma abin ƙirgawa ne: sau 60 a minti ɗaya ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 kafin cika shekara, 40 daga nan zuwa shekara 5. Wanda ya kai haka yana cikin wahala. Haka kuma yaron da ya ƙi nono, ko fitsarinsa ya ɗauke, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya gagara. Wannan barcin ne ma ya fi ruɗi, domin kowa a gida sai ya ce a bar shi ya huta.

Irin wannan yaro ba a jiran maigida ya taso daga ofis. A lulluɓe shi a nufi asibiti nan take, domin likitoci na son fara maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a ta farko. Idan yana iya haɗiya, a ci gaba da ba shi nono a hanya. Idan kuwa ba ya cikin hayyacinsa, kada a yi masa ɗura, don ruwan na iya faɗawa huhu.