Daidaita Na'urar Numfashi da Huhun Majinyaci a Ɗakin Tiyata

Idan aka sa majinyaci barci domin babbar tiyata, akan ba shi maganin da ke saki tsokoki, har da waɗanda yake numfashi da su. Daga nan sai a zura bututu ta maƙogwaronsa, na'ura ta karɓi aikin hura masa iska. Likitan sa barci ne ke tsai da yawan iskar kowace hurawa, da adadin numfashi a minti, da ƙarfin oksijin, da ɗan matsin da ake bari cikin huhu bayan iska ta fita. Hukunci ne da ake yankewa a ɗakunan tiyata irin na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44 a nan Kaduna.

Barcin tiyata yakan sa wasu ƙananan jakunkunan iska na ƙasan huhu su lotse. Saboda haka likitocin da suka gabata kan hura iska mai yawa, mililita 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin jiki. A shekarar 2000 wani babban bincike a Amurka, kan masu tsananin ciwon huhu, ya nuna cewa rage iskar daga mililita 12 zuwa 6 ga kowane kilo ya sauke mace-mace daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31. A 2013 binciken IMPROVE na Faransa, kan mutum 400 da aka yi wa aikin ciki, ya tabbatar da cewa wannan sassauci yana rage matsaloli bayan tiyata.

Ginshiƙin lissafin shi ne cewa girman huhu tsawon mutum yake bi, ƙiba ba ta ƙara masa faɗi. Mace mai tsawon santimita 160, ko da nauyinta ya kai kilo 95, huhunta na mai kilo 52 ne. Abin da ya dace da ita mililita 315 zuwa 420 ne. In an bi sikeli kawai, ana iya dura mata kusan ninki biyu na wannan, huhun ya yi ta miƙewa fiye da ƙima har ya ji rauni.

Matsin da ake bari a ƙarshen numfashi ma ba shi da lamba guda ga kowa. Binciken PROVHILO na 2014 ya gwada matsi mai yawa da kaɗan, bai sami bambanci a matsalolin huhu ba, sai dai masu matsi mai yawa sun fi fuskantar faɗuwar bugun jini. Wannan ya sa hankali ya koma ga auna yadda huhun kowane mutum ke karɓar iska, a nemi matsin da zai buɗe shi ba tare da takura zuciya ba.

Majinyata sun bambanta. Mai asma yana bukatar a tsawaita masa lokacin fitar da iska, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke tayar da ciwon. Mai sikila ba ya jure ƙarancin oksijin. Wanda ya yi tarin fuka yakan tashi da tabo a huhu. Mai juna biyu da mai ƙiba, ciki yana danne musu huhu da zarar sun kwanta. Jariri kuwa kuskuren mililita kaɗan yana iya cutar da shi.

Mafi yawan wannan aiki ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ya kamata a auna tsawon kowane majinyaci kafin tiyata, a rubuta a katinsa. Ya kamata kowane ɗakin tiyata ya mallaki na'urar auna oksijin a yatsa da ta auna iskar da ake fitarwa, da wutar da ba ta yankewa, da jakar hura iska ta hannu don ko-ta-kwana. Wajibi ne kuma hukumomin asibitoci su horar da ƙarin likitoci da ma'aikatan jinya na sa barci, domin su ne ke karanta huhun majinyaci su saita na'urar daidai da shi.