Ɓarawon Bisashe Da Maganar Kan Iyaka: Jawabin Da Aka Gabatar A Gure



Kowa a nan ya san yadda abin yake aukuwa. A kore garken mutum da dare a dajin Bune. Kafin jandarma su gama rubuta ƙara, bisashen sun ƙetare iyaka, sun shiga hannun wanda ke jiransu a wata kasuwar Yobe ko Jigawa. Na Najeriya ma haka ake koro su arewa, kada mu wanke kanmu. Mai kora da mai ɓoyewa da mai sayarwa bakinsu ɗaya, amma jandarman da ya biyo sawu dole ya tsaya inda ƙasarsa ta ƙare.

Gwamnatocinmu sun daɗe da sanin wannan. Tun 1971 Nijar da Najeriya suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. A 1998 Nijar da Cadi suka shiga rundunar da Najeriya ta kafa a 1994, mai hedikwata a Baga, kuma ƴan fashin kan iyaka aka kafa ta domin su. Daga baya yaƙin Boko Haram ya cinye hankalinta, Baga ta faɗi a Janairun 2015, hedikwata ta koma Njamena, aka bar makiyayi da sandarsa.

Sai kuma juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Najeriya ta rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Wa rufewar ta tsare? Falke mai takarda, wanda ke bi ta gaban duwan. Ɓarawo dama ba ta nan yake bi ba. A 2025 Nijar ta fice daga CEDEAO, ta kuma janye daga waccan runduna.

Ban zo yanke wa kowa hukunci kan wannan ba. Abin lura shi ne hukumar 1971 ta ƙasashen biyu ce, fita daga CEDEAO bai shafe ta ba, har ministocin harkokin waje sun tabo batunta a Yamai cikin Afrilun 2025. Roƙona ƙarami ne: a ba hukumomin Gure izinin zama da na Machina da Yusufari, domin duk garken da aka sace, shaidar da ke jikin bisashen ta isa kunnen sarkin tike kafin kasuwa ta ci.